Shawar lantarkin da na saka wa mahaifiyata ta jawo zargi a gidana

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a nan Maradi, ina zaune da mai ɗakina da ƴaƴanmu da kuma mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70 kuma take fama da ciwon gwiwa. A ƙarshen damina na ba ƙanen mai ɗakina, wanda aikin wutar lantarki ne sana'arsa, kuɗi ya sayo shawa mai ɗumama ruwa da lantarki ya saka a makewayin Hajiya, domin in hutar da matata daga dafa ruwa da asuba. A jikin na'urar an rubuta 3500 W, ruwan kuma daga tankin saman gida yake saukowa. Da farko ta yi aiki yadda muke so. Da hunturu ya shigo sai ruwan ya zama da ƙyar yake kashe sanyi, idan kuma Hajiya ta rage famfo sai ya yi zafi ƙwarai, can kuma ya koma sanyi ƙalau, har wata rana ta firgita ta kusa faɗuwa. Ta lura cewa abin ya fi faruwa idan mai ɗakina tana wanke-wanke, shi ne ta fara cewa da gangan ake yi mata. Matata ta koma hura gawayi da asuba, ba ta ce mini komai ba, amma na san ranta a ɓace yake. Ni kuma ina zargin ƙanenta ya sayo jabu ya riƙe sauran kuɗin, musamman da yake wuta takan katse idan ana guga, wurin da ya haɗa wayar kuma yana yin ɗumi. Shin in tunkare shi ne, ko in sayo babba, ko kuwa in saka injin tura ruwa kamar yadda wani abokina ya ba ni shawara?

Wani magidanci, Maradi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, domin abu biyu ka nufa da kuɗinka, jin daɗin mahaifiya da hutun iyali, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne mutum ya ga alherin da ya shirya ya zama sanadin ɓacin rai tsakanin mutanen da ya fi ƙauna. Kafin mu shiga maganar zargi, akwai abu ɗaya a cikin wasiƙarka da ba zai jira ba, wato ɗumin da wurin haɗin wayar yake yi. Ina roƙonka ka kashe wutar wannan shawa tun daga na'urar katse wuta yau ɗin nan, kada kowa ya sake wanka da ita sai an duba wayar. Wayar da take ɗumi tana nuna ko dai ta yi sirri ga nauyin da take ɗauka, ko kuma haɗin bai ɗauru sosai ba, kuma kowanne daga cikinsu yana iya narkar da roba ya jawo gobara ko ya sa wuta ta kama mutum a wurin da ƙafafunsa suke cikin ruwa.

Game da ruwan da ya ƙi zafi kuwa, abin da ka bayyana shi ne ainihin yadda lafiyayyar shawa mai wannan ƙarfi take yi idan sanyi ya sauko, kuma babu wata alamar jabu a cikinsa. Irin wannan na'ura ba ta ajiye ruwan zafi. Ruwa yana ratsawa ta kan wata murɗaɗɗiyar waya mai zafi na ɗan lokaci kaɗan ya fito, zafin da wayar take bayarwa a kowane minti kuma ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don an buɗe famfo sosai. Kamar sukari ne cokali biyu a shayi: a ƙaramin kofi zai yi zaƙi, a babbar buta kuwa da ƙyar za a ji shi. Lissafin masana a nan mai sauƙi ne, kuma za ka iya yin sa da kanka. Ka ninka ƙarfin na'urar a kilowat da 14, ka raba da yawan litar da ke zubowa a minti ɗaya, abin da ya fito shi ne kimanin digirin da za ta iya ƙara wa ruwan. Taka mai 3500 W kilowat 3.5 ce, saboda haka idan lita 5 ke zubowa a minti, digiri 10 kawai take ƙarawa. Mu ƙaddara a watan Oktoba ruwan tankinku yana kusa da digiri 30. Da aka ƙara masa 10 sai ya kai 40, wanda shi ne ruwan wanka mai daɗi, shi ya sa kowa ya yaba. A Disamba da Janairu kuwa, daren Maradi yakan sauka ƙasa da digiri 15, tankin da ya kwana a saman gida cikin iskar hunturu yana iya wayar gari da ruwa mai digiri 18 ko kusa da haka. Na'urar ta ƙara 10 ɗin da ta saba ƙarawa, ruwa ya fito a 28, wanda ga jikin dattijuwa da asuba ruwan sanyi ne. Don a kai shi digiri 38 sai an rage zubarsa zuwa kimanin lita 2.5 a minti, rabin abin da kuka saba gani.

Akwai kuma wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato ƙarfin wutar da ke shigowa gida. Wannan 3500 W da aka rubuta yana tabbata ne idan wutar ta kai adadin volt da aka rubuta kusa da shi. Idan an ƙera na'urar a kan volt 220 amma abin da ke isa gare ta 200 ne, zafinta yana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari, idan kuma ta sauka zuwa 190, kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ya tafi. Wasu na'urorin da aka yi domin kasuwar Ingila a kan volt 240 aka rubuta ƙarfinsu, don haka ko wutarmu ta cika 220 ba za su ba da duk abin da ke rubuce a jikinsu ba. Siririyar waya mai tsawo ita ma tana cinye wani ɓangare na ƙarfin kafin ya isa, kuma wannan ɓangaren da ya ɓata a hanya shi ne ɗumin da kake ji a jikin wayar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato zargin da ya faɗa kan mai ɗakinka. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, abin da ta lura da shi gaskiya ne: ruwanta yana canjawa idan an buɗe famfon wanke-wanke. Fassarar da ta yi wa abin ce ba daidai ba. A cikin shawar akwai wata ƴar roba da ruwa ke turawa, ita ce take kunna wutar idan ruwan ya yi ƙarfi, ta kuma kashe ta idan ya yi rauni, domin kada wayar ta ƙone a bushe. Ruwan da ke saukowa daga tanki ba shi da matsi mai yawa, tunda sai tsayin mita 10 ne yake ba da bar ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kuwa bai kai sulusin haka ba. To, Hajiya ta riga ta rage famfo har kusa da iyakar da na'urar ke iya aiki, don ta samu ɗumi. Da zarar an buɗe wani famfo a kan bututu ɗaya, ruwan da ke zuwa mata sai ya ƙara raguwa, zafi ya taru a kan ɗan abin da ya rage ya yi tsalle sama, sannan ƴar robar ta saki, wuta ta ɗauke, ruwan sanyi ya zubo. Duk wannan yana faruwa cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma zai faru ko da kai ne ka buɗe famfon, ko yaro ya zo ɗibar ruwan alwala. Matar da ta tashi da asuba tana wanke kwanukan gida ba ta da hanyar sanin abin da ke faruwa a makewayi.

Ina ganin bayani da baki ba zai wadatar da Hajiya ba, kuma bai dace ka tsaya kana gardama da ita a kan abin da ta ji a jikinta ba. Bayan an gyara wayar, ka zaɓi lokacin da mai ɗakinka ba ta kusa, ka zaunar da Hajiya a bakin makewayi, ka kunna shawar cikin bokiti ta sa hannu ta ji, sannan ka aiki ɗaya daga cikin jikokinta ya buɗe famfon tsakar gida. Idan ta ga ruwan ya canja alhali surukarta ba ta nan, ba sai ka ƙara wata magana mai tsawo ba. Kada ka nemi ta ba da haƙuri a gaban kowa, ya isa ka ce mata cikin ladabi, “Hajiya, ashe laifin bututun ne, kuma ni ne ban sa an gyara shi tun farko ba.” Ka tuna cewa ta tsorata ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta kusa faɗuwa ita kaɗai a makewayi tana da hujjar neman dalili, kuma wanda ya tsorata yakan kama dalilin da ya fi kusa da shi.

Ita kuwa mai ɗakinka, shirun da ta yi ba ya nufin abin ya wuce. An zarge ta da mugunta ga uwar mijinta, ta kuma amsa zargin da komawa hura gawayi cikin sanyin asuba domin wannan uwar. Ka same ta ku biyu ka gaya mata a fili cewa ka san ba ta da laifi, ka gode mata, ka kuma gaya mata abin da ka gano game da bututun. Har zuwa lokacin da za a kammala gyara, ka karɓi wannan aikin na asuba ko ka raba shi da manyan yara, kuma a riƙa hura gawayin a fili, domin gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, takan kuma kashe mutane a lokacin sanyi. Abu ɗaya da nake so ka kiyaye shi ne kada ka kai mata ƙarar ƙanenta. A halin da take ciki, idan ta ji mijinta ma yana tuhumar ɗan'uwanta da cin kuɗi, za ta ɗauka gidan gaba ɗaya ya juya wa danginta baya.

Shi ma surukin naka sai a yi masa adalci ta ɓangarori biyu. Rashin zafin ruwa ba hujja ba ce a kansa, kamar yadda lissafi ya nuna, kuma addininmu ya hore mu da nisantar zato irin wannan. Mai yiwuwa ma ya zaɓi ƙarama ne da saninsa, ganin cewa wutar gidan ba za ta ɗauki babba ba. Idan maganar kuɗin ta ci gaba da tsaya maka a rai, ka rubuta suna da lambar da ke jikin na'urar, ka shiga shaguna biyu ko uku na masu kayan wuta a kasuwa ka tambayi kuɗinta ba tare da ka ambaci kowa ba, ka kuma lissafa har da waya da bututu da ladan aikinsa kafin ka yanke hukunci. Amma a ɓangaren haɗin wuta akwai tambayoyin da wajibi ne ya amsa, kuma yi masa su ba cin fuska ba ne. Na'ura mai wat 3500 a kan volt 220 tana jan kusan ampiya 16 ita kaɗai (ampiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), don haka tana bukatar layinta na daban tun daga allon rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe wadda kaurinta bai gaza murabba'in milimita 2.5 ba, ta murabba'in milimita 4 kuma ta fi idan akwai nisa, da na'urar katse wuta tata. Katsewar da wuta ke yi idan ana guga tana nuna ko dai an ɗora shawar a kan layin soket ɗin ɗakuna, ko kuma nauyin gidan ya zarce ƙarfin da ka yi rajista da shi, wanda za ka gani a rubuce a takardar kuɗin wuta. Ka tambaye shi ko ya haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa, ko kuma gidan yana da ita tun asali, sannan ko akwai na'urar kariya ta miliampiya 30, wadda masu sana'a ke kira difarensiyel, mai ɗauke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Wannan ta ƙarshe ba abin sassauci ba ce a makewayin da tsohuwa da yara ke shiga. Haɗin wayar ma bai kamata ya zama murɗawa da naɗe roba ba, a yi shi da maɗauri mai ƙusa a cikin akwati, nesa da feshin ruwa.

Ka kira shi ka ce masa, “Wurin nan yana ɗumi, ina so mu duba tare, idan akwai kayan da za a ƙara ni zan biya.” Yadda zai karɓi wannan magana zai nuna maka abu mai yawa. Idan ya zo ya auna, ya yarda da abin da ya rage, ya gyara, to ka samu mai aiki kuma ka riƙe zumunci. Idan ya ce ba komai, ɗumin waya al'ada ce, to ka nemi wani gogaggen mai aikin wuta ya duba, ka gaya wa surukin naka da bakinka cewa za ka yi hakan saboda lafiyar Hajiya, kada ya ji a bakin wani.

Shawarar abokinka ta injin tura ruwa ba na goyon bayanta a yanzu. Injin zai ƙara yawan ruwan da ke zubowa, kuma ka riga ka ga cewa ƙarin ruwa ƙarin sanyi ne a irin wannan na'ura. Abin da kuke bukata shi ne ruwa kaɗan mai tafiya daidai ba tare da hawa da sauka ba, wannan kuma ana samun sa da kuɗi kaɗan idan aka ja wa makewayin Hajiya bututunsa na daban kai tsaye daga tanki. A buɗe kan shawar, bayan an kashe wuta, a wanke ramukansa da matacin da ke mashigar ruwa, domin yashi da farin dattin da ke daskarewa suna toshe su su rage ruwa har na'urar ta riƙa kashe kanta. Jiƙa su cikin ruwan lemun tsami yana narkar da dattin. Bayan an mayar, a bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci kafin a kunna wuta, in ba haka ba wayar ciki za ta ƙone. Idan na'urar tana da maɓallin zaɓen zafi, a duba ko yana kan mafi ƙarfi, a kuma riƙa juya shi ne kawai idan famfo yana rufe kuma hannu a bushe yake. Naɗe tankin da bututun da ke waje da buhuna ko tabarma yana rage sanyin da suke kwasa da dare.

Sayen babba yana yiwuwa, amma ka san abin da ke biye da shi. Mai kilowat 5.5 za ta ba da kusan lita 4 a minti a irin sanyin da muka ƙaddara, sai dai tana jan ampiya 25, wanda ke nufin sabuwar waya mai kauri, da babbar na'urar katse wuta, wataƙila kuma da zuwa ofishin kamfanin wutar lantarki na NIGELEC neman ƙarin ƙarfin rajista. Kuma ko an yi duk wannan, halinta na yin tsalle tsakanin zafi da sanyi yana nan, sai ma ya ƙara haɗari, tunda zafin da zai taru a kan ruwa kaɗan ya fi yawa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan daƙiƙoƙi, fatar tsofaffi ta fi saurin ƙonewa, wasunsu kuma, musamman masu ciwon sukari, ba sa jin zafin da wuri.

Saboda haka abin da na fi so ga Hajiya a wannan hunturun shi ne ta daina tsayawa a ƙarƙashin shawar gaba ɗaya. Bayan gyara, a riƙa tara mata ruwan a bokiti da famfo a rage: bokitin lita 15 zai cika cikin kimanin minti 6, wutar da zai ci kuma ba ta kai rabin kilowat-awa ba. Wani ya taɓa ruwan ya tabbatar da daidaitonsa, a ajiye mata kujera ƴar tsugune mai ƙarfi ko wadda ta fi tsayi saboda gwiwarta, da abin riƙewa a bango, ta yi wankanta da moɗa yadda ta saba tun ƙuruciya. Da haka na'urar da ka saya ta ci gaba da amfani, gawayin asuba ya ƙare, tsoron faɗuwa ya ragu. Idan za ta yarda ta mayar da wankan zuwa hantsi ko bayan azahar, lokacin da rana ta ɗan ɗumama tanki, na'urar za ta fi ba da ruwa, ruwan alwalar asuba kuma a zuba mata shi a filas tun dare. Kada dai a koma ga hitar da ake tsomawa cikin bokiti, domin haɗarinta ya fi na shawar.

Idan Allah ya hore, kafin hunturu mai zuwa ka yi tunanin tukunyar ɗumama ruwa mai ajiya. Mai lita 50 da ke aiki da kilowat 1.5 tana ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi ta kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60, tana jan ƙasa da ampiya 7, kuma ruwan yana nan da zafinsa ko wuta ta ɗauke. Sharaɗinta shi ne a saka mata famfon gauraya ruwa da bawul ɗin sakin matsi, a kuma tabbatar tsayin tankinku ya ishe ta. Akwai kuma mai aiki da zafin rana, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, domin ONERSOL, ofishin makamashin rana da aka kafa a 1965, ya ƙera irinta a Yamai a zamanin da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo yake jagorancinsa. Kuɗin sayenta ya fi yawa, kuma sai ana share ƙurar hunturu daga gilashinta, amma ba ta ƙara ko dala a takardar wuta, gida mai mutane da yawa irin naka kuma shi ne ya fi cin ribarta.

A wannan makon, ka fara da kashe wutar shawar da kiran surukinka. Ran da zai zo, ka tanadi bokiti mai ma'auni da agogo ku auna litar da ke zuba a minti ɗaya, shi kuma ya auna volt a bakin na'urar tana cikin aiki, da safe sau ɗaya da dare sau ɗaya. Idan abin da kuka samu ya saɓa wa lissafin da na ba ka da nisa, to wayar ɗumamawar ta ciki ce ta samu matsala, kuma a yawancin irin waɗannan na'urori ana canja ta ita kaɗai ba sai an sayi sabuwar shawa ba. Ka rubuto mini da sakamakon, ka kuma gaishe mini da Hajiya da jiki, Allah ya ƙara mata lafiya.